Jan Biro da Jan Tsumma

Ranar da Babanmu ya yi ritaya daga aikin gwajin tuƙi, ya tara mu a falo ya sanar da cewa zai zagaya ƙasa da mota, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, don ya ga da idonsa irin lalacewar da direbobi suka yi tun da ya bar aiki. A lokacin awarsa huɗu ke nan da barin aikin.

Shekara talatin da biyu ya yi a kujerar gefen direba, takarda a cinya, yana kayar da bayin Allah. Rabin garinmu a hannunsa suka faɗi, ɗaya rabin kuwa da suka ji labari sai suka tafi wani gari suka yi gwajinsu. Shi ya sa a unguwa Jan Biro kowa yake ce masa, kuma yana amsawa da fara'a, don shi a ganinsa sarauta ce. Ko Ummanmu bai raga wa ba. Sau uku ta zauna gwaji a gabansa, sau uku ya kayar da ita. Na farko wai ta riƙe sitiyari da hannu ɗaya, na biyu wai ta yi ribas da sauri, na uku kuwa don kada a ce ya yi son kai. Daga nan ba ta sake ce masa uffan a kan mota ba. Abin da bai sani ba, shekara biyu da suka wuce, lokacin da ya ɗauki hutu, ni Auta da ƙafata na raka ta wurin mataimakinsa, ta gama gwajin cikin minti goma sha biyar. Lasisin yana cikin jakarta, a ƙarƙashin maganin hawan jini.

Akwai kuma wani abu da duk unguwa ta sani amma ba mai faɗa a gabansa. Baba bai iya ribas ba. Gaba kam yana tafiya daidai gwargwado, amma da zarar an ce baya sai hannu da ido su daina jituwa. Gidanmu ne kaɗai a layin yake da ƙofar mota biyu, domin ya sa an fasa katangar baya, ya shiga ta nan ya fita ta can. Wannan shi yake kira tsari.

Bayan mako biyu aka kawo motar. Mota ce mai ɗaki, fara, doguwa, da gado biyu da murhu da wurin wanke kwanuka, da banɗakin da sai ka fito kafin ka iya juyawa. A gefenta akwai rumfa da ake buɗewa da maɓalli. Mutumin kamfani ya tsaya zai nuna masa maɓallan, Baba ya ce ya fara nuna lasisinsa tukuna. Mutumin ya ajiye littafin bayani ya kama gabansa, Baba ya ɗauki littafin ya tokare ƙafar teburin falo da shi.

Unguwa ta fito kallo. Tela ya zo da abin awo a wuya, ya zagaya motar sau biyu.

"Jan Biro, wannan gida ne ya yi taya, ko mota ce ta yi ɗaki?"

"Wannan ba a keken ɗinki ake gane ta ba," in ji Baba.

Mai shago ya auna tsawonta da taku, ya girgiza kai. "To in ka shiga lungu ya ƙure fa? Katangar wa za ka fasa?"

Aka kwashe da dariya. Baba ya sha mur, ya zaro makullin, ya ƙulla shi da doguwar sarƙa a jikin bel ɗinsa.

"Direban kirki ba ya shiga inda zai koma da baya. Ribas aikin wanda bai yi tunani ba ne. Kuma ku zama shaida, kai tela da kai mai shago. Ranar da wani mahaluki ya nuna min tuƙi, ranar zan kwance makullin nan in ba shi, ni da sitiyari kuma har abada."

"Mun ji," in ji tela, "kuma ba ma mantuwa."

Zangon farko garin su Umma ne, wani ƙaramin tsohon garin manoma, inda Gwaggonta da ta rene ta take zaune har yanzu. Rabon Umma da garin shekara goma sha tara. Ta sayo wa Gwaggo kofunan gilashi guda goma sha biyu, ta naɗe kowanne da jarida. Ta so ta yi waya ta ce muna tafe, Baba ya hana, wai ba-zata yake so, su buɗe ido kawai su ga irin surukin da Allah ya ba su. Da muke shirya kaya Umma ta ce min a hankali, "Ni dai Auta, in isa ƙofar Gwaggo ba a yi min dariya ba, ya ishe ni."

A hanya aikina rubutu ne. Baba ya taho da ragowar takardun gwaji cike da kwali, kuma tunda hannunsa yana kan sitiyari, ni ce nake riƙe da jan biron. Duk motar da ta wuce mu sai ya ce, "Auta, rubuta, ya faɗi." Kafin azahar mun kayar da direba arba'in da ɗaya, har da wani mai amalanke da saniya guda. A gidan mai kuwa ya zarce famfo da taku uku, maimakon ya ɗan ja baya sai ya fita titi ya yi tafiyar kilomita huɗu ya zagayo, ya gaya wa mai sayar da man cewa injin yake ɗumamawa.

Da muka kusa, gonakin alkama suka buɗe dama da hagu, ana tsakar girbi, ƙaiƙayi yana tashi ko'ina. Can gaba ga garin a kan ɗan tudu, duk ginin dutse. Baba ya karanta wata 'yar takardar masu yawon buɗe ido a gida, don haka ya shiga yi wa Umma bayanin garinsu.

"Garin nan ya shekara ɗari uku. Akwai tsohon injin niƙa da ruwa yake juyawa. Ke ba lallai ki san wannan ba."

"A bayansa aka haife ni, Malam."

"Haihuwa daban, sani daban."

A bakin garin hanya ta tsuke ta zama lungu tsakanin katangu biyu na dutse. Motoci uku suna tsaye a gefe, direbobinsu sun kashe inji suna hira. A jikin wani ginshiƙi akwai ƙugiyar ƙarfe, ba komai a rataye. Wani tsoho yana zaune a gindin bishiya yana ɗinke buhuna. Baba ya wuce layin motocin ya sa kai, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Sannu da zuwa, baƙo. Dakata kaɗan, tsumma bai dawo ba."

"Wane tsumma?"

"Lungun nan mota ɗaya yake ci, ga shi ya lanƙwashe, na nan ba ya hango na can. Akwai sanda mai jan tsumma, guda ɗaya ce tak. Wanda take hannunsa shi ke da hanya, shi da duk wanda ya biyo bayansa. In ya fito ya rataye ta a ƙugiyar nan, sai na nan su ɗauka su shiga. Tunda ka ga ƙugiya wayam, to akwai masu tahowa. Yau ma ana kwasar alkama daga gonakin bayan gari zuwa sito, ga shi can bakin titi."

Baba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Malam, shekarata talatin da biyu ina gwajin tuƙi. A wane shafi na littafin dokar hanya aka rubuta tsumma?"

"Lokacin da aka kafa ƙugiyar nan ba a haifi kakan mai littafin ba."

"Ba allo, ba fitila, ba layi a ƙasa. Inda ba alama, hanya ta wanda ya fara shiga ce."

Umma ta taɓa hannun kujerarsa. "Malam, a jira tsumman. Ba ya wuce minti goma."

"Ke da kika faɗi sau uku? Auta, rubuta. Gari guda, ya faɗi."

Ya taka totur muka shiga. Na waiga ta tagar baya, na ga tsohon ya ninke buhunsa a natse, ya soke allurar a hula, shi da direbobin nan uku suna hawa katanga ta wasu matakala. Ba su yi kama da masu zuwa taimako ba, sun fi kama da masu neman wurin zama mai kyau.

Lungun yana da kyau in da ƙafa kake. A gindin katanga ɗaya ga magudanar ruwa mai zuwa injin niƙa, a saman katangun ga gidaje da shanya. Ba mu yi taku hamsin ba madubin ɓangaren Baba ya gogi dutse ya tarwatse.

"Magina ne ba su bar tazara ba," in ji shi.

"Da jaki suka auna, Malam," in ji Umma.

A kwana ta biyu muka yi kiciɓis da tarakta. Babba ce, tana jan tirela biyu maƙare da buhunan alkama, a gabanta an kafa sanda, jan tsumma yana kaɗawa. Direbanta wani ƙato ne mai ƙaiƙayi har a gira. Ya taka birki, hancin taraktar ya tsaya taku biyu daga namu. Baba ya danna hon har sau bakwai. Direban ya kashe injinsa, ya harɗe hannu.

Baba ya zabura zai fita, sarƙar makullin ta fizgo shi ta zaunar. Ya zare makullin ya tura ƙofa, ƙofar ta buɗe tsawon tafin hannu ta daki katanga. Ya gwada ɗaya ƙofar, haka nan. Ƙarshe dai sai ya hau kan gado ya buɗe tagar rufi ya fito da rabin jikinsa ta sama, daidai fuskokin mutanen da suka fara jeruwa a kan katanga.

"Kai, koma da baya."

"Baba, tirela biyu nake ja, buhu tamanin, a bayana tarakta shida. Kai taku ɗari biyu kawai ka shigo. Ina sandarka?"

"Ina lasisinka?"

"Yana gida. A nan sanda ake nunawa."

"Ka san da wa kake magana? Mutum dubu goma sha ɗaya na kayar da hannun nan."

"Allah ya ba su haƙuri. Sa ribas."

Baba ya dubi sama ya dubi ƙasa kamar mai lissafi. Sannan ya ce akwai hanyar da ta fi sauƙi: a sauke buhunan, a riƙa miƙa su ta saman motarmu hannu da hannu. Direban ya tambaye shi ita taraktar fa, ita ma ta sama za a miƙa ta? Baba ya ce to a kwance tirelolin a tura su baya da hannu. Wani daga kan katanga ya sanar da shi cewa tudu ne. Baba ya ƙwanƙwasa dutsen da ke kusa da shi.

"Katangar nan ai ta tsufa. A cire dutse ashirin a nan, in juya."

Wata mata da ke kwashe shanya a sama ta leƙo. "Kakana ne ya gina ta. Kai ma ka tsufa, ba wanda ya ce a rushe ka."

Katanga ta ɗauki dariya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A cikin mota Umma ta ja mayafi ta rufe fuska, ta zame ƙasa a kujera har kanta ya ɓace daga taga.

Ana cikin haka aka yi tsawa. Ashe hadari ya haɗo daga bayan gari ba mu lura ba. Dariyar ta ragu. Direban taraktar ya waiga ya dubi buhunan, ba tamfol a kan ko ɗaya, muryarsa ta sauya.

"Baba, wasa ya ƙare. Alkamar gida goma sha huɗu ce a bayana, noman shekara guda. In ruwan nan ya same ta a lungu, ta tashi daga aiki. Don Allah ka ja motarka."

"Wa ya ce ba zan ja ba? Na'urar kallon baya zan kunna."

Ya sauko ya zauna, ya tayar da mota, ya dubi maɓallan nan da littafinsu yake ƙarƙashin teburin falonmu. Ya danna na farko, rediyo ya kama waƙa. Ya danna na biyu, rumfar gefe ta fara fita da kanta, ta tokari katanga, ta lanƙwashe, ta miƙe sama ta kwaso igiyar shanyar matar nan, zannuwa uku da wandon mijinta suka sauko suka lulluɓe gilashinmu na gaba.

"Wannan ita ce na'urar?" in ji matar daga sama.

Maza huɗu suka diro kan rufin motar suka naɗe rumfar da ƙarfin tsiya, suka ɗaure ta da igiyar shanyar. Yanzu kam ba sauran maɓalli, ba sauran shawara. Baba ya kama giya, na ji yana karanta addu'ar da ban taɓa jin ya yi a mota ba, ya sa ribas. Ya ƙura ido gaba, inda ba can za mu ba, ya murɗa sitiyari ɓangaren da bai kamata ba, ya saki birki gaba ɗaya.

Bayan motar ya tafi kai tsaye ya daki katakon da ke tare magudanar ruwa. Katakon ya fice. Ruwan da ya shekara ɗari uku yana bin hanyarsa ya ga sabuwa, ya malalo cikin lungu. Tayar baya ɗaya ta tsaya a leɓen magudanar, motar ta karkata, kabad ya buɗe, na ji kofunan Gwaggo suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Ban ƙirga ba, amma na san ba a bar ko ɗaya ba.

Ba a jima ba sai ga mai injin niƙa ya bayyana a kan katanga, fari fat da gari tun daga hula har takalmi.

"Wa ya tsayar min da inji? Shekarata arba'in a kansa, ko ranar da na yi aure bai tsaya ba."

Hannu wajen hamsin suka nuna mu. Baba ya leƙa ta taga, gumi yana bin wuyansa.

"Sitiyarin nan a juye aka haɗa shi. Zan rubuta wa kamfani."

Ni dai a lokacin dariya ta ƙare min. Na dubi Umma a ƙudundune cikin mayafi, tausayinta ya kama ni, haushin Baba kuma ya cika min ciki. Shekara goma sha tara tana marmarin garin nan, abu ɗaya ta roƙa, ga yadda aka kawo ta.

Daidai tagar Umma akwai wata 'yar ƙofar katako a jikin katanga. Sai ga ta ta buɗe, wata tsohuwa tukuf ta leƙo, tana dogara sanda, ta kusa kai fuskarta jikin gilashi. Ta dubi Baba, ba ta ga abin kallo ba. Ta dubi ni. Sannan ta tsaya a kan hannun Umma da ke riƙe da bakin mayafi, inda wani tsohon tabo yake a gindin babban yatsa.

"Hannun nan na san shi, ni na ɗaure shi. Sauke mayafin."

Umma ta sauke a hankali. "Gwaggo, ina wuni."

"Direba?" in ji Gwaggo.

Ashe sunan da garin yake kiran Umma da shi ke nan. Sunan ya hau katanga ya bi ta baki-baki. Direba ce. Direba ta dawo. Ƙaton mai tarakta ya miƙe tsaye a kan kujerarsa. "Yaya, ke ce a ciki?" Ashe ɗan autan Gwaggo ne, wanda Umma ta goya.

Gwaggo ba ta tsaya gaisuwa ba, ta juya kan Baba.

"Kai ne surukin? An ce min aikin mota kake yi."

"Shekara talatin da biyu, Gwaggo."

"To ba ta kama ka ba. Yarinyar nan tana shekara goma sha uku, shekarar da mai gidana ya karye a ƙafa, ita ta kwashe mana girbi kaf. Da tirela take fita lungun nan da baya in ta ga dama, tana cin gyaɗa. Kun zaunar da ita a gefe kuna ɓarin ruwan mutane."

Baba ya gyara tabarau, ya samo muryarsa ta ofis.

"Gwaggo, tarakta a gona daban, doka daban. Ba ta da lasisi. Ni da kaina na kayar da ita, sau uku. Ba zan ba wanda ba shi da lasisi mota ba, ko da sama za ta faɗo."

Umma ta buɗe jaka. Ta ciro maganin hawan jini ta ajiye a cinya, ta ciro lasisin ta ɗora a gabansa. Baba ya ɗauka, ya kai shi kusa da ido, ya kai shi nesa, ya juya bayansa. Ya gane sa hannun mataimakinsa.

"Wannan ai ni na koya masa aiki."

"Ya ce in gaishe ka," in ji Umma.

Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashi, na biyu ya biyo. Ruwan magudana yana ta bin ƙarƙashin motarmu. Baba ya kai hannu bel ɗinsa. Ƙugiyar sarƙar ta ƙi buɗewa sai da ya yi ta fama, kuma in faɗi gaskiya, a nan shi ma na ji tausayinsa, amma kaɗan.

"Aro ne," in ji shi, yana miƙa wa Umma makullin.

Umma ta karɓa. Suka yi musayar wuri, Baba ya koma kujerar da ya fi sani a duniya. Yana zama hannunsa da kansa ya miƙo baya ya karɓi takarda da jan biro daga wurina.

Umma ta ja kujera gaba, ta cire takalmi. Ta leƙa ta ce wa ɗan Gwaggo ya ja baya taku ɗaya in zai iya, ya ce ko biyu ne. Ta matsa gaba kaɗan, tayar ta hau tudu, maza suka mayar da katakon, ruwa ya koma hanyarsa. Sannan ta sa ribas, ta dafa bayan kujerar Baba da hannu ɗaya, ɗayan a kan sitiyari, ta dubi madubin da ya rage, muka tafi. Ba a hankali ba. Katangu suna wucewa dama da hagu, tazarar yatsa huɗu, ba abin da ya taɓa komai. Taraktar tana biye da mu hanci da hanci, mutanen kan katanga suna gudu suna bin mu. A kwanar farko ta ce min, "Auta, kashe rediyon nan," ba tare da ta dubi inda nake ba. Muna fitowa ta murɗa sau ɗaya, motar ta shige gindin bishiyar tsohon nan ta tsaya cak.

Tarakta bakwai suka wuce a guje, kowanne direba yana danna mata hon. Tirela ta ƙarshe tana shiga sito ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Ɗan Gwaggo ya dawo da gudu a jiƙe, riƙe da sandar. Ya zagayo tagar gefe ya miƙa wa Baba.

"Baba, riƙe. Ka fitar da ita waje ka ɗaga sosai, don na can su gani."

Haka muka shiga garin su Umma a karo na biyu, ita a kan sitiyari, motoci uku a bayanmu, Jan Biro da hannu ɗaya a waje yana ɗaga jan tsumma cikin ruwa, ɗaya hannun kuma yana rubutu a cinya.

A ƙofar gidan Gwaggo rabin gari ya taru a ƙarƙashin rumfuna. Umma ta tsaya, ta ja birkin hannu, ta kashe mota. Ta dubi takardar da ke cinyar Baba.

"Malam, na ci?"

Ya yi gyaran murya, ya ɗaga takardar yadda na waje za su ji.

"Hannu ɗaya a sitiyari. Sauri a ribas. Tuƙi ba takalmi. Rashin kunna sigina a..."

"Shekara talatin da takwas ina zaune a kujerar nan da kake kai," in ji Umma, ba ta ɗaga murya ba. "Na ga ƙofa ta biyu, na ga gidan mai, na ga na yau. Ban taɓa rubuta komai ba."

Baba ya dubi takardar ya daɗe. Sannan ya mayar wa biron murfinsa.

Umma ta zare makullin, ta naɗe sarƙar a yatsa, ta sa a jaka kusa da lasisin. Ta sauka, Gwaggo ta rungume ta tana kuka tana zaginta a kan shekara goma sha tara, ba wanda ya tuna da kofuna. Sai da suka gama Gwaggo ta hango Baba yana sanɗar saukowa, sandar har yanzu a hannunsa.

"Surukina, sandar nan ba a shigo da ita gida. Akwai ƙugiya a bakin lungu ta nan ciki, mun wuce ta, mutane suna jira."

Baba ya dubi ruwan, ya dubi jama'a, ya miƙa wa Umma tafin hannu.

"To, a ba ni makullin in kai. Ai aro muka ce."

"Kai ka ce. Tela da mai shago kuma ba sa mantuwa." Ta ja zif ɗin jakar. "Taku ɗari ne kawai, Malam, ka taka da ƙafa. In ka rataye ka juyo, duk gaba ne, ba ribas."

Ya tafi cikin ruwan, kuma tunda ba wanda ya ce masa ya sauke, tsumman yana sama har ya sha kwana.